Kwandon Ammu Bakur

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsaye a bakin marsa, inda muke ɗaure jiragenmu, da buhun ƙanƙara a kafaɗa. Ammu Bakur ya rasu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na faɗa, na sake faɗa, har yanzu bai zauna mini ba.

Kuma duk faɗin Jidda, wanda ya kawo mini labarin shi ne Rayis Mamman, babban masu raga, mutumin da tun bara ko sallama ba ta haɗa mu. Bai kira waya ba, da ƙafarsa ya tako.

Ya ce, "Sanusi, ajiye buhun nan."

Na ce, "Me ya haɗa ka da buhuna?"

Ya ce, "Tsohon ya tafi. Bayan asuba, a gidansa na unguwar Sa'alaba."

Na ajiye. Yana can yana narkewa, ban koma kansa ba.

Da yawa daga cikin masu karanta ni ba ku san shi ba. Ammu muke ce masa, wato baffa da Larabci. A nan aka haife shi. Kakansa ya zo hajji a ƙasa, bai koma ba. Hausarsa rabi Larabci ce, in ya fara zance da "yaron nan" sai ya ƙare da "wallahi ma yisir." Duk rayuwarsa a kan ƙaramin jirgin fatsa ya yi ta, har ƙafafunsa suka kumbura suka ƙi ruwa. Daga nan ya koma zama a kan wata kujerar roba a bayan ɗakin ƙanƙara.

Ni daga Yauri na zo, ɗan masunta jikan masunta, ina ta cika baki cewa a ruwa aka yanke mini cibiya. Ranar farko da muka fita teku na yi aman da ban san cikina na da wurin ajiye shi ba. Sauran ma'aikatan jirgin suka fara dariya. Ammu, da yake har lokacin yana fita ruwa, ya ce musu warin fetur ne, shi ma yana jin sa. Ya miƙo mini busasshen lemun tsami ta bayan hannu, bai ko kalle ni ba.

Bai taɓa tayar da maganar ba. Ni da na ga wani ya yi haka, da har yau ina ba da labari.

Lokacin da kafilina, wanda ya ɗauko ni aiki, ya yi ta jan ƙafa a kan iƙamata, takardar izinin zamana, aka hana ni fita ruwa, a gidansa nake cin abincin rana. Ba ya cewa zo ka ci. Sai ya ce, "Ta'al, zo ka duba mini wayar nan, ta rikice." In na je wayar lafiyarta ƙalau, ga shinkafa da kifi a faranti.

Ya san ina son karatu, kuma ya san ba wata makaranta na yi ba, da kaina na koya. Shi bai iya boko ba, amma duk inda ya ga tsohon littafi a gwanjo sai ya ɗauko mini. Wata rana ya kawo wani mai kauri, yana ta alfahari. Littafin gyaran AC ne. Na karanta shi tas, don kada ya tambaya.

Abu Lisan yake ce mini, wato mai harshe. "Ya Abu Lisan, sha shayi tukuna, zagin ba zai gudu ba."

To, ga abin da ya cinye masa shekararsa ta ƙarshe.

A marsarmu ƙungiya biyu ce. Mu masu fatsa, muna kama kifin tuna ɗaya-ɗaya da ƙugiya. Sai masu raga, su kuwa su shimfiɗa ta su kwashe duk abin da ya bi ta wurin. Da kifin ya fara ja baya, sai aka zauna gaban shaihun masunta, shugabanmu duka, aka yi yarjejeniya: kowane jirgi yana da kasonsa a lokacin tuna, in ka cika shi a sikeli, halas, wato shi ke nan, ka jira wani zagayen.

Daga ranar rigima ta fara, ba ta kuma ƙare ba.

Raga ba ta zaɓe. Tana ɗebo ƙananan tuna da ba su isa kamu ba, tana ɗebo tarkacen kifi iri-iri da ba wanda ya fita nema, wani lokaci har kunkurun ruwa. Mu muka ce duk abin da raga ta kashe a ɗora shi a sikeli, a cire daga kasonsu. Su suka ce ba shi suka je kamawa ba. Aka yi ta zama. Na yi magana a kowane zama, na karanto musu abin da na gani a waya game da yadda raga ke ƙarar da teku, na kira Rayis Mamman da sunayen da ba zan rubuta a ranar rasuwa ba. A ƙarshe muka yi rinjaye: komai ya hau sikeli.

Har gobe ina nan a kan bakana. Raga tana kashe ruwan nan. Kada wani ya ɗauka mutuwa ta sauya mini ra'ayi.

Amma akwai kwando.

Tun kafin a haife ni akwai wani kwando da ake ajiyewa a bayan ɗakin ƙanƙara, ta wajen katanga. Ammu ya gada daga mahaifinsa. Duk kifin da ya zo ba a neme shi ba, a nan ake zubawa. Ba a auna shi, ba a sayar da shi. Mai zubawa ya zuba ya wuce, mai ɗiba ya zo daga baya. Masu ɗiban kuwa matan ƙasarmu ne na unguwannin Kurayyat da Sa'alaba, yawancinsu sun zo umra suka zauna, ba takarda, ba miji a kusa. Su soya, su sayar a bakin lungu, su ci saura da 'ya'yansu. Ba sa gode wa kowa, domin ba kowa ya ba su. Rabon ruwa ake ce masa.

Da muka ce komai ya hau sikeli, masu raga suka yi lissafinsu. Tunda tarkacen zai ci musu kaso, me zai sa su kawo shi gaɓa? Suka koma watsar da shi a teku. In ka bi bayan jirginsu za ka ga matattun kifi suna yawo fari fat, tsuntsaye na shagali.

Kwando ya bushe.

Ammu ya yi ta zirga-zirga da kumburarrun ƙafafu, yau wajenmu, gobe wajensu. Abu ɗaya yake roƙo: a cire kwandon daga sikeli. Mutanenmu suka ce masu raga za su riƙa ɓoye ƙananan tuna a ciki, su aiko a kwaso musu ta baya. Masu raga suka ce ai ɗan fatsa ne, tarko yake ɗana musu. Wani ya ce masa munafuki a gaban jama'a. Tsoho mai furfura. Ya cire hularsa ya share zufa, ya mayar, ya ce, "Tayyib," wato to, ba komai.

Na gaji da tunanin wannan "tayyib" ɗin.

Ganina da shi na ƙarshe ranar Litinin ne da hantsi. Mun dawo da kamu mai kyau. Na same shi a kujerarsa yana ɗaure hannun kwandon da zaren fatsa, don ya tsinke. Kwandon wayam. Raina ya ɓaci, na ce masa ba ma buƙatar waɗancan 'yan kwashe-kwashen, mu za mu cika shi. Na koma jirgi na zaɓo tuna mai kyau daga rabona, babba, jikinta na sheƙi, na saka a ciki.

Ya dube ta, ya dube ni. Ya ce, "Zauna."

Ba a jima ba sai ga Inna Tabawa. Ita ce mafi daɗewa a cikin matan, tana riƙe da jikoki a wani ɗaki a Kurayyat. Ta zo da bokitinta, ta leƙa kwandon. Ta sa yatsa ta buɗe bakin kifin, ta ga inda ƙugiya ta huda.

Ta ce, "Wannan na fatsa ne. Na wa?"

Na ce, "Inna, ɗauki kawai, kyauta ce."

Ta ce, "Na sani. Shi ya sa nake tambaya."

Na ce, "To mene ne a ciki? Kifi kifi ne. Wannan ma ya fi tarkacen da kuke ɗiba."

Ta gyara mayafinta. "Ɗan nan, in na ɗauki wannan, gobe in na gan ka sai na durƙusa. Jibi in ba ka kawo ba sai in ce ko na yi maka laifi. Na yi aikatau a gidajen masu hali na unguwar Aziziyya, na san yadda abincin mai ido yake. Nan wajen ne kaɗai nake zuwa ban sunkuyar da kai ba." Ta juya wajen Ammu. "Bakur, yau ma babu?"

Ya ce, "Ma fi, babu, Tabawa. Sai haƙuri."

Ta ɗauki bokitinta yadda ta zo da shi, ta tafi.

Ni kuwa na hau faɗa. Na ce wannan wane irin girman kai ne, mutum da yunwa a gida. Ammu ya bar ni na zazzage, yana ta ɗaurin kwandonsa. Da na yi shiru ya ce:

"Ya waladi, kai ƙugiyarka tana da tsabta, ba ta kawo abin da ba ka nema ba. Mabruk, barka. Amma kwandon nan ba na kyauta ba ne. Sai abin da ba shi da mai shi. Irin wannan kuwa, ragar Mamman ce take kawo shi."

Na ce, "Wato in je in roƙe shi ke nan?"

Ya ce, "La, kada ka roƙe shi. Ka dai yi shiru ya zo ya zuba a kwandon. Za ka iya?"

Na ce ba zan iya ba.

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Yalla, ɗauke kifinka kafin rana ta ɓata shi. Ranar Juma'a akwai zama, zan sake gwadawa."

Ke nan. Na ɗauki kifina na tafi ina gunaguni. Da na waiwaya yana gwada hannun kwandon ko ya ɗauru.

Jibi ne Juma'ar. Kujerarsa za ta je babu shi.

Wallahi na gaji. Na gaji da zama, na gaji da sikeli, na gaji da jin muryata. Kifin yana raguwa, mu muna ƙara ƙwarewa a zagi. Su suna zubar da abinci a teku don kada a rubuta musu, mu muna tsaye a gaɓa muna jin mun yi gaskiya, Inna Tabawa tana komawa da bokiti ba komai. Mutum ɗaya da ya damu da bokitin nan, yau za mu kai shi makwanci.

Da safen nan, kafin Rayis Mamman ya juya, ya tsaya kamar mai neman abin da ya faɗi a ƙasa. Ya ce, "Yau ba zan fita ba. Gobe zan fita. Abin da raga ta ɗebo, in na kawo bayan katanga, za ka tara mini jama'a?"

Bakin nan da kowa ya sani, yau ya ƙi buɗuwa.

To Rayis, na san kana karanta ni, don duk abin da na rubuta a kanka sai ya dawo mini ta bakin mutanenka. Ga amsarka a gaban kowa.

Gobe kafin jirage su shigo zan fitar da kwandon, in ajiye shi inda yake zama. Ka zo ka zuba. Zan juya baya in kalli katanga. Ba zan leƙa ba, ba zan ɗaga waya in ɗauki hoto ba, ba zan ce uffan ba. Ranar Juma'a kuma zan miƙe a zaman in roƙi abin da Ammu ya so ya roƙa, a cire kwandon daga sikeli. Mutanenmu za su ce Sanusi ya sayar da su. Su faɗa. An faɗa wa wanda ya fi ni.

Rigimar raga kuwa tana nan, kada ka yi murna. Za mu ci gaba da ita a cikin marsa. Bayan katanga dai ba nawa ba ne, ba naka ba ne.

Wanda yake kusa da Inna Tabawa ya gaya mata ta zo da bokitinta gobe. Kada a ce mata daga wa.

Za a yi masa salla bayan la'asar a masallacin unguwarsu. Masu fatsa da masu raga, makara ba ta da ɓangare, ku zo ku sa kafaɗa.

Ya Allah, ga Bakur nan ya zo maka. Ka yafe masa, ka sanyaya masa ƙafafun nan da suka gaji da zirga-zirga a tsakaninmu, ka yalwata masa kabarinsa, ka ciyar da shi daga inda ba a aunawa. Ka ba iyalinsa haƙuri. Ni kuma ka riƙe mini harshena gobe da safe.

Kai da ka karanta har nan, ko ba ka taɓa ganin teku ba, ka tsaya ka yi masa addu'a kafin ka wuce. Sunansa Bakur.