Bas ɗin Mamuda da Gilashin Kabad

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a na dawo Ƙaura daga karatu a Ibadan, na tarar ana ware wa mata motocinsu. Maƙwabcinmu Mamuda, wanda ya fara tuƙi tun yana kai gyaɗa tashar jirgi, shi ya samu ɗaukar matan Katuru zuwa kasuwar Shinkafi a tsohuwar bas ɗinsa. Da wannan yake ciyar da gidansa.

Sai dai motar ta kama shan ruwa. Kafin a yi nisa lagireto ya ƙafe, fasinjoji su miƙo butocinsu. Ran da La'asar ta riske su a daji babu na alwala, Larai mai daddawa, wadda matan ke bin maganarta, ta tsare shi.

"Ƙanena, wagga mota taka raƙumi ce? In ta ƙara shanye muna ruwa, motar direba Atiku za mu koma."

"Inna Larai, ciwo na gare ta."

"To kai ta asibiti."

A tasha kowa ya ce lagireto ne ya huje. Mamuda ya zuba garin kuka, ya zuba taba, kamar yadda direbobi suka saba. Babu abin da ya sauya. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne bai taɓa ganin ɗigo ɗaya a ƙasa ba.

Wata safiya ina tsaye ya buɗe murfin lagireto, ya tayar da inji. Ruwan ya soma kumfa tun bai yi zafi ba, salansa na fitar da farin hayaƙi. Ya zaro sandar awon baƙin mai, sai ga shi ya koma launin kunun gyaɗa.

"Ba zubarwa take ba," in ji shi. "Haɗiyewa take. Gaskit ɗin da ke raba ruwa da mai a kan inji ya ƙone."

Da ya sauke kan injin, sai ya ga zafi ya ɗan lanƙwasa shi, sabon gaskit ba zai zauna ba. Yana neman abu shafaffe sarai da zai goge shi a kai, ya tuna da gilashin kabad ɗin matarsa Zulaihat. Ta ba shi bayan ya rantse zai dawo da shi lafiya. Ya manna samfefa a kai, ya wuni yana goga ƙarfen har fuskarsa ta daidaita. Ya sa sabon gaskit, ya mayar da kan injin, ya ɗaure notuna daga tsakiya zuwa gefe, a hankali.

Don gwaji muka bi yashin hanyar Zurmi da tsakar rana, allurar zafi ba ta ɗaga ba. Mamuda ya riƙa danna oda kamar mai rakiyar amarya.

Ranar Alhamis Larai ta shiga tana harararsa. Da suka sauka Shinkafi ta sa hannu a kan bonet, ta jima tana auna zafinsa.

"Mako mai zuwa ka zo da sassafe," ta ce. "Matan da ke bin motar Atiku ma suna son wuri."