Tarhon da Na Saita a Sito

Wata huɗu na yi a ofishin, kuma babu abin da na ƙware a kansa kamar tarho. Kawuna ne ya samo mini aikin bayan na gama sakandare na koyi buga tafireta. Kamfanin na wani Alhaji ne mai safarar hatsi da taki tsakanin garinmu Daura da Zango da Kongolam ta kan iyaka. Shari'a ba ta daɗe da kankama ba, wayar salula kuwa sai dai mu ji labarinta a bakin masu zuwa Kano.

Satina biyu da farawa wani injiniya ya zo ya kafa tarho huɗu a kan layi ɗaya: na ofishin Alhaji, na teburina, na akawu, da na sito. Ya yi bayani a gurguje don kada mota ta bar shi, ya ajiye wani littafi na Turanci ya tafi. Akawu ya jujjuya littafin, ya turo mini.

"Ke da kika fito makaranta da ɗuminki, ga naki."

Na tafi da shi gida na karance shi tas. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Na koyi yadda ake danna maɓallin saiti, a sa lambar sirri, a ajiye lambar mutum a maɓalli ɗaya, yadda Alhaji yana taɓa na farko zai samu wakilinsa na Zango, na biyu dillalinsa na kan iyaka. Na koyi tura kira daga tebur zuwa tebur, da buɗe lasifika a yi magana ba tare da an ɗaga kan waya ba. Idan aka sa mutum jira, wani ɗan kiɗa ne ke tashi, tilin-tilin. Sau ɗaya Alhaji ya ji shi ya yi tsaki.

"A'uzubillahi! Kiɗa a ofishina, a garin da ake shari'a? Cire mini shi."

Na cire. Ya ce Allah ya yi mini albarka. Ranar na koma gida ina ganin na samu ubangida mai tsoron Allah.

Mu uku ne mata a wurin. Akwai babbar mai tafireta, bazawara mai 'ya'ya biyu, wadda nake kira Yaya. Akwai Inna, dattijuwar da ke shara da dafa shayi. Maza suna da masallaci a bakin ƙofa, mu kuwa sito aka bar mana. Da an kira azahar sai mu shige, mu tura ƙofa, mu shimfiɗa tabarma tsakanin buhunan taki da tsofaffin tayoyi. Bayan salla mu tuɓe hijabi mu sha iska, Inna ta buɗe kwanon ɗanwake, hira ta ɓarke. Hirar mata ce, irin wadda ko mijin mutum bai isa ya ji ba. Yaya ba ta da birki a baki. Ta faɗi abin da ya kashe aurenta dalla-dalla, ta faɗi ciwon sanyin da ke damunta da magungunan da ta gwada, Inna na dariya tana cewa, "Ke dai Allah ya shirye ki, akwai yarinya a nan."

Yaya ta ce, "Wace yarinya? Wannan da ke haɗa gumi idan an ambaci Zango?"

A nan na saki baki nima. Akwai wani malamin firamare ɗan Zango da ke zuwa zance wurina, bai riga ya turo magabatansa ba. Wata Asabar na ce wa mutanen gida zan je bikin ƙawata, na hau bayan babur ɗinsa muka je na gaishe da mahaifiyarsa da ke kwance ba lafiya. Kafin la'asar na dawo. Wallahi iyakar abin da ya faru ke nan. Amma ko a da wannan abin faɗa ne, balle yanzu da mutane ke ƙirga wace ta hau bayan wa.

Tun kafin wannan hirar, wata safiya, Alhaji ya kira ni ya ce ana yi masa ɗauke-ɗauke a sito. Injiniya ya taɓa gaya masa akwai yadda za a yi ya saurari ɗaki daga inda yake zaune.

"Duba littafin naki, 'yata."

Na duba, na samu. Idan an saita, sai ya danna lambar sito, tarhon can ya amsa da kansa ba tare da ya yi ƙara ba, duk motsin da ke ɗakin ya fito ta lasifikarsa. Akwai wani ɗan ƙara, ƙit, da yake yi don a san an buɗe. Alhaji ya ce in kashe shi, kada ya ɓata wa masu salla salla. Ya ambaci sallarmu da bakinsa, amma ban farga ba. Hankalina yana kan jerin maɓallan, kada in kuskure ko ɗaya. Da ya yi aiki har murmushi na yi.

Saura wata 'yar jar fitila da ke kamawa a jikin tarhon, ita littafin bai nuna yadda ake kashe ta ba. Sai dai Inna ba ta barin kayan daraja a buɗe. Kamar yadda ake rufe rediyo da kwanuka a ɗakin amarya, ta saƙa wa kowane tarho ƙyalle da zaren ulu ta lulluɓe shi.

Ranar da na gane, wasiƙa ce ta tsare ni, su Yaya suka riga ni shiga sito. Na gama bugawa na nufi ofishin Alhaji don ya sa hannu. Ƙofar ba ta rufu sosai ba. Zan yi sallama ke nan na ji muryar Yaya a ciki, tana ba da labarin wani garin magani da aka ce ta dama da nono. Na tsaya ina mamakin me ya kawo ta nan. Sai na ji dariyar maza.

Na leƙa. Alhaji ne da akawu da wasu abokansa biyu, sun dawo daga masallaci, carbi na hannun ɗaya, goshinsu da sauran ƙasa. Sun jawo kujeru sun kewaye tarhon, tiren tsire a gabansu. Ɗaya ya toshe baki da hularsa don dariya.

"Ƙara murya, Alhaji, ƙara! Yau bazawarar ta zo da zafinta."

"Kai dai bari. Jiya ka yi asara."

Ƙamshin tsiren nan ya zame mini kamar na mushe. Takardar ta suɓuce daga hannuna, Alhaji ya ɗago ya gan ni. Ko kunya bai ji ba. Ya kashe lasifikar, ya sallami mutanensa, ya ce in shigo. Ya ɗauki wasiƙar ya sa hannu a tsanake, yana sakace haƙori.

"Ya jikin tsohuwar ta Zango?" in ji shi. "Hanyar nan akwai gargada, sai an riƙe mai babur da kyau. Kawunki mutumin kirki ne, ba na son ransa ya ɓaci. Ke ma ki riƙe bakinki, kowa ya zauna lafiya."

Kwana uku na yi ina shiga sito kamar mai shiga kabari. Ko hijabi ban tuɓe ba. Idan na ƙura wa ƙyallen ido ina hango ja-ja ta cikin ramukan saƙar. Na yi ta ƙoƙarin karkatar da hira zuwa tsadar gero. Yaya ta ce, "Yau kuma 'yar kasuwa muka samu? Ko malam ya yi fushi ne?" Na ji kamar in nutse, don na san su wa ke dariya a wancan ɗakin.

Rana ta uku Yaya ta rage murya ta ce akwai abin da likita ta gaya mata game da mahaifarta, wanda ko uwarta ba ta sani ba. Ta buɗe baki za ta fara. Ban san lokacin da na miƙe na fizge ƙyallen ba. Fitilar na ci.

"Suna ji," na ce. "Kullum suna ji. Shi da abokansa."

Inna ta dafe ƙirji tana salati, ta lalubo mayafinta ta rufe kai kamar an banko ƙofa. Yaya ta dubi fitilar, ta dube ni.

"Duk ofishin nan wa ya iya abin nan in ba ke ba?"

"Ni ce, Yaya. Ya ce don ɓarayi."

"Tun yaushe kika sani?"

Na faɗa mata gaskiya. Ba ta zage ni ba. Ta tofar da yawu a gefen tabarma, ta naɗe sallayarta.

Na koma teburina, sau biyu ina kuskure lambar sirri. A shafin ƙarshe na littafin akwai yadda ake goge komai, tarho ya koma kamar ranar da aka fito da shi daga kwali. Na goge, har da lambobinsa na Zango da Kongolam. Na sa littafin a jakata na fita ban sallami kowa ba.

Da na isa gida na durƙusa gaban Baba na faɗa masa zancen babur da bakina, don kada ya ji a waje. Ya ce na bar aiki ke nan, malamin kuma ya turo manyansa kafin Juma'a biyu ko kada ya sake taka ƙofarmu.

Alhaji bai bari an kai Juma'ar farko ba. Ya gaya wa Kawu na lalata masa na'ura saboda ya yi mini faɗa a kan yawon banza. A majalisar su Alhaji kuwa tafiyata Zango ta yini ɗaya ta koma kwana biyu. Zancen tarho babu wanda ya ɗaga, domin duk wanda zai faɗa yana cikin waɗanda suka saurara suna cin tsire. Yaya na can har yanzu, tana da bakuna biyu da take ciyarwa. An ce ta daina salla a ofis, sai ta koma gida take haɗawa. Na aika mata gaisuwa sau biyu, ba amsa.

Kafin manyan malam su taso zuwa Daura, labarin ya same su tun a Zango. Juma'a biyun sun wuce, yau ga ta huɗu. Baba ya daina shimfiɗa tabarmar baƙi a zaure.