Zuwana Gagamari da goran Modu

Ban jira an yi kiran assalatu ba na fita daga gidana na Diffa, goran jikana Modu a kaina. Masunta ne suka tsince shi yana yawo a kogin Komadugu babu kowa a kansa, ga alamar gidanmu da na ƙona masa da hannuna. Ku na birni ba lallai ku sani ba: mu mutanen kogi a kan babban gora muke kifa ciki mu ƙetare ruwa, kuma in gora ya zo shi kaɗai, mai shi ake nema. Modu yana noman tattasai a Gagamari, wayarsa kuwa a kashe.

Tashar Diffa

Direba ya ce a ɗaure goran a saman mota.

"A cinyata zai zauna," in ji ni.

"Iya, wurin mutum guda fa zai ci."

"Ai mutum ne."

Ya dube ni, ya bar ni na shiga da shi. A shingen fita gari wani jandarma ya ƙwanƙwasa goran, ya leƙa ciki, ya tambayi takardata. Na ce masa tun ba a haifi ubansa ba nake bin hanyar nan. Ya yi dariya ya ɗaga mana sanda. Wata mata ta miƙo mini ƙosai, na karɓa, na kasa ci.

Gagamari

Da hantsi muka sauka. Amalanken shanu ya kai ni bakin gonaki, sauran na taka. Tun daga nesa nake jin ihu a bakin kogi. Na ce shi ke nan, an samo shi.

Da na isa, sai ga ƙarti cikin ruwa har wuya suna kokawa a kan balo, wato ƙwallo. Wani ya ɗago kai, balo a hannu. Modu ne.

"Matata! Kishi ne ya kawo ki?"

"Fito, mijin banza! Fito in ga ƙafafunka!"

Ya fito yana ɗiga. Na shafa kansa, na shafa kafaɗunsa, sannan na zauna a ƙasa. Wayar ma, wai tun shekaranjiya ta faɗa ruwa.

Yadda abin ya faro, in ji su: wata rana suna tamaula bayan ban-ruwa, balo ya faɗa kogi, suka bi shi, ba wanda ya yarda ya fito. Da fari a kan goruna suke yi, kowa na ture ɗan'uwansa. Da suka ga gora na hana su sauri, sai suka koma iyo, suka ɗaure goruna biyu-biyu da dutse su zama raga. Igiyar goran Modu ce ta tsinke.

Wani malamin makaranta, Bazabarme, shi ke hura musu usur. Ya ce Turawan Ingila ma a koguna suka fara irin wasan nan, har wasu kan hau ganga kamar doki.

"Ganga?" na ce. "Allah sarki. Ba su da gora ne?"

Na zauna na kalla har azahar. Ƙarya ba kyau, yaron ya iya. Sau biyu ya jefa, ni ma na yi guɗa. Muka ci tuwo da miyar busasshen kifi, na cinye nawa na taɓa nasa.

Komawa

Na sa shi gaba muka hau motar la'asar, ban yarda a ba mutane labari da baki ba. Mun iso Diffa gab da magariba, na tarar maƙwabta sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidana, mata sun fara taruwa zaman makoki. Na tura Modu tsakiyarsu, na ce kowa ya taɓa shi.

Na gode wa Allah, na gode wa masuntan nan da direba. Shinkafar da aka dafa don masu ta'aziyya, mamacin ne ya fi kowa ci.