Kujerar Gaba, Daga Agadas Zuwa Arlit

Agadas, ƙarfe biyar saura kwata

Bayan sahur muka bar masauki ni da Baba, ranar sha tara ga azumi. Ganin likitan ido na kawo shi, yanzu za mu koma gida Arlit, kilomita ɗari biyu da arba'in. A tasha na ƙara sefa jaka biyu na kama masa kujerar gaba, ni kuma na hau bayan motar, kat-kat mai buɗaɗɗen baya, cikin kaya da mutum goma sha ɗaya. Ina ta yaba kaina, wai na yi abin kirki.

Shofer ɗin, wato direban, sunansa Agali, Ba'abzine siriri, rawaninsa ya rufe har hanci. Sai da ya durƙusa ya gai da Baba. Baba kuwa shekara talatin ya yi a ramin uraniyom, taurin kansa duk unguwa an sani. Na tuna masa matafiyi yana iya sha ya rama.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa gare ni, "ni da zafin Arlit mun san juna. Bai taɓa sa na ajiye azumi ba."

Bariyar fita gari, shida da rabi

Jandarma suka duba katinmu ɗaya bayan ɗaya. Ina yarinya, a irin wannan safiya sai mun lulluɓa. Yau rana ba ta gama fitowa ba muna sharce gumi.

Tsakiyar hanya, sha ɗaya da kwata

Kwalta ta daɗe da cinyewa, sai yashi da tsakuwa. Taya ta fashe. Agali ya canza ta yana riƙe ƙarfe da tsumma, don ba ya taɓuwa. Wayata ta ɗauke da kanta saboda zafi. Wata dattijuwa da ke gefena, Inna Fatimata, mai kiwo daga Dannat, ta ce bana awakinta ba sa fita kiwo da rana ko kaɗan, kuma dare ma ya daina sanyaya.

Muka ci gaba. Wajen ƙarfe ɗaya motar ta karkace ta dawo. Can ta sake. Inna ta kama hannuna.

"Ɗiyata, mai mota bai sha ruwa ba."

"Ai azumi yake, Inna."

"A'a. Na gan shi yana shan shayi bayan mota da gari ya waye. Amma tsoho yana gefenshi da azumi, ƙaƙa zai sauke rawani ya sha? Wurinmu gara ya faɗi."

Ni na zaunar da Baba a wurin, da kuɗina. Na buga rufin mota har ta tsaya, na zagaya tagar Baba na raɗa masa. Ya juya ya dubi Agali. Bakin Agali a rufe da rawani, ga bidon, jarkar ruwansa, naɗe da jiƙaƙƙen buhu tsakanin ƙafafunsa, ko buɗewa ba a yi ba.

Sannan Baba ya ce, "Agali, miƙo mini ruwan nan."

"Baba, azuminka fa?"

"Miƙo, na ce."

Ya yi bisimilla ya sha makwarwa uku. Sai ya sauka ya taka nesa kaɗan, ya ba motar baya, ya tsaya yana kallon fili. Muka ji ƙarar maƙogwaron Agali. Ni kuka ne ya zo mini, ban san ko na tausayi ba ne ko na kunya.

Arlit, huɗu da minti ashirin

Tsibin ƙasar ma'adinai muka fara hangowa, sannan gari. Agali ya kai mu har ƙofar gida, ya ƙi karɓar ko dala a kai. Da za mu shiga Baba ya dafa bango, ya janye hannu da sauri.

"Wannan zafin ba shi ne wanda na sani ba," ya ce.

Mun gode Allah da ya kawo mu lafiya. Na gode wa Inna Fatimata, wadda ta ga abin da ban gani ba, da Agali mai kunya. Da aka kira magariba ƙanwata, wadda ba ta san komai ba, ta fara miƙa wa Baba dabino kamar kullum. Ya tura farantin gabanta.

"A fara ba masu azumi," ya ce.