Addu'ar da Aka Karɓa a Kaina

Shekarun baya, kafin tumbin nan ya fito, ni direban tseren motoci ne. Na san wasunku za su yi dariya, amma gaskiya ce. A Saint-Denis, nan gefen Paris, na tashi, na fara da ƙananan motocin tsere, har wata ƙungiya da ke kusa da Lyon ta ɗauke mu ni da abokina, ni a mota, shi yana jiran ko-ta-kwana.

Mahaifiyata ba ta taɓa zuwa kallo ba. Duk wanda ya tambaye ta aikina sai ta ce, "Yana can yana ta gudu, ba a san abin da ya koro shi ba."

Ranar wani gwaji an yi yayyafi, na shiga kwana da wuta, motar ta ƙwace ta daki katanga. A asibiti na farka, ƙafata ta dama cike da ƙarafa. Likita ya ce, "Za ka taka, za ka tuƙa mota. Amma tsere, ka manta da shi."

Abokina ya zo duba ni sanye da rigar ƙungiya. Ya daɗe yana kallon taga kafin ya ce, "Sun ce in hau motarka ranar Lahadi."

"Har sun gyara ta?"

"Sun gyara."

Na ce Allah ya ba da sa'a. A baki dai na faɗa.

Da aka maido ni Paris, gida ya cika da 'yan barka, an soya waina ana ta rabon sadaka. Ina kwance a ɗaki na jiyo mahaifiyata tana ce wa maƙwabciyarmu, "Addu'ata ce aka karɓa, Hajiya. Na daɗe ina roƙon Allah ya raba shi da wannan abu."

Na juya fuskata bango. Kowa barka ya yi mini, ba wanda ya yi mini jaje.

Yanzu koyar da tuƙi nake a Bobigny, kusa da Paris. Wuni nake a kujerar gefe ina ce wa masu neman permi, wato lasisin tuƙi, "A hankali, taka birki." Ƙafar ta warke, sai dai tsami in sanyi ya shigo.

Ban taɓa gaya wa mahaifiyata na ji ta ba, kuma na san ƙauna ce ta sa. Duk Juma'a a wurinta nake cin tuwo. Amma har yau, in ta ɗaga hannu za ta yi mini addu'a, sai na saurara da kyau kafin in ce amin.