Juyawa a Layin Dogo

Shekarata saba'in da shida a bana, kuma abin da zan bayar da labarinsa ya auku shekara goma sha ɗaya da suka shige, sa'ad da gwiwoyina ke amsa kira. A zamanin nan ni ne shugaban wata ƙungiyar masu gudu da muka kafa a Samaru bayan na ajiye aikin gwamnati. Ranar Asabar muke fita, domin Juma'a tamu ce, Lahadi kuwa ta 'yan'uwanmu Kirista. Da an idar da sallar asuba sai mu hallara a bakin kasuwar Samaru, mu miƙe titi, mu wuce Palladan da Kwangila, har inda layin dogo ya ratsa hanya gab da shiga Sabon Gari. Nan ne iyakarmu.

Doka guda na kafa, kuma har gobe ban ga aibinta ba. Duk wanda ya fara isa layin dogo ba ya tsallakawa, ba ya kuma tsayawa hutu. Sai ya juya da gudu har ya tarar da na ƙarshe, ya jero da shi. Haka kowa zai yi, har mu taka ƙarfen nan gaba ɗaya, babu wanda aka bari a hanya yana haki shi kaɗai.

Na ƙarshenmu kullum mutum guda ne, aminina, tsohon ma'aikacin reluwe, Kirista daga kudancin Kaduna, mai tumbi da yawan barkwanci. Na farkonmu ma ba ya sauyawa: wani magidanci mai walda a Chikaji, siriri, mai ƙarancin magana, wanda tun daga gida yake tahowa Samaru da ƙafa kafin mu soma. Idanunsa kullum jawur suke, suna zubar da ruwa, saboda hasken wutar walda.

In ya juyo ya iske aminina, sai ka ji ya ce, "Baba, jirgin kaya ya sake makara."

Shi kuwa ya ce, "Kai, rufe mini baki. Jirgin kaya ba ya makara, jiransa ake yi. Ni da na tsufa ina ba jirgi hannu, kai za ka koya mini lokaci?"

"To Baba, a rage kaya mana."

Sai tsohon ya dafa tumbinsa ya ce, "Wannan? Shi kaɗai reluwe ta bar mini, ba na sauke shi."

Ana nan sai wasu attajirai suka shirya tsere daga Samaru zuwa wani filin makaranta da ke cikin Sabon Gari. Aka sanar cewa waɗansu mutane za su zo daga Kaduna su zaɓi na gaba-gaba, a sa su cikin 'yan wasan jiha, a kuma ba su aiki. Mai walda ya same ni a ƙofar gida, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Malam, in Allah ya ba ni wannan, na rabu da wuta. Likita ya ce in ban bar ta ba, idon nan ba zai kai ni ko'ina ba, ga iyali."

Muka duƙufa a kansa. Muka sa shi hawa gadar Kwangila yana sauka har cinyoyinsa su yi rawa. Muka koya masa riƙe numfashi da ajiye ƙarfi don ƙarshe. Amma kowace Asabar yadda muka saba haka muke rufewa: ya isa layin dogo, ya juya ya ɗauko Baba.

Ranar tsere ban shiga ba. Na tsaya a bakin layin dogo kusa da teburin wani mai shayi, domin ta nan hanyar ta bi, filin makarantar kuwa yana can gaba kaɗan. Aminina ya dage sai ya yi gudun, ko da zai zo bayan motar asibiti.

Can sai ga mai walda ya ɓullo shi kaɗai, babu kowa kusa da shi. Rana ta fito tana dukan fuskarsa, ya sunkuyar da kai, ya runtse idanun nan marasa lafiya. Jama'a suka ɗauki sowa. Ya iso bakin ƙarfe, ya karkata kafaɗa kamar kullum, ya juya.

Na ɗaga murya iyakar ƙarfina, "Wuce! Wuce gaba!" Sowar mutane ta haɗiye muryata. Mai shayi ya saki ludayi ya bi shi yana ɗaga hannu, ina! Wa zai cim masa? Ya yi nisa sosai kafin ya yi kiciɓis da masu bin bayansa. Suka raɓe shi suka wuce suna waiwayensa. Daga inda nake na hango shi ya tsaya cak a tsakiyar titi, ya dubi gaba, ya dubi baya. Ayari na biyu ma ya shige shi. Daga nan sai ya ci gaba da komawa ta wajen Samaru.

Hantsi ya dubi ludayi sa'ad da suka iso tare da Baba. Tsohon yana haki yana faɗa, "Wa ya aike ka? Na ce maka na ɓata ne? Ka ga abin da ka ja mana!"

Mai walda ya ce, "Baba, wallahi ƙafa ce. Ban farga ba sai da na ga mutane suna fuskantata."

Na tafi filin na nemi mutanen Kaduna, na gabatar da kaina, na yi musu bayani cikin ladabi. Babbansu ya saurara, ya yi murmushi, ya ce, "Dattijo, mun gan shi, ba mu taɓa ganin irinsa ba. Amma tsere ba zumunci ba ne. Ya dawo baɗi."

Ba a sake yin tseren ba, baɗin ba ta zo ba. Samarinmu suka zame ɗaya bayan ɗaya, suna cewa dokar tsofaffi ta kashe wa mutum gaba. Aminina ya daina fitowa, ya ce ba zai ƙara zama wanda za a komo dominsa ba. Bai sake yi mini barkwanci irin na da ba har Allah ya karɓi abinsa. Titin ma ya cika da tireloli da 'yan acaba, ba wurin sa ƙafa.

Mai walda ya koma wa wutarsa, domin yara ba su cin labari. Yanzu ba ya gane mutum sai ya yi magana. Yana zaune a ƙofar shagon waldarsa a Chikaji, wasu ke riƙe da aikin, shi yana shafa ƙarfe da hannu ya ce a gyara nan. In na je gaishe shi yakan miƙe ya ce, "Malam, ina gwiwa?" Ba ma zancen gudu.

Wanda ke shakkar wannan labari ya tambayi mai shayin bakin layin dogo, yana nan da ransa. Matar marigayi aminina ma ta gani, domin tana tsaye kusa da ni riƙe da gorar ruwan da ta kawo wa mijinta.