Ainihin Muryar Lem

Ozella Varnado ta yi shekara hamsin da ɗaya tana wanki da guga a Harlan Bend. In ka tambayi mutanen garinmu abin da suka sani a kanta, abu biyu za su gaya maka. Na farko, duk wannan yanki na Mississippi babu wadda ta iya sa wa wuyan riga sitaci kamarta. Na biyu, kada ka kuskura ka sa faifan mijinta a inda take.

A gonar auduga aka haife ta, a 1922, ita ce ta shida cikin 'ya'ya tara. Ubanta noman raba-daidai yake yi a ƙasar wani Bature, irin rabon da kullum ɓangare ɗaya ke cin nasa. Tana da shekara goma sha shida ta ce ita da tsinkar auduga har abada, ta shigo gari ta kama wankau. Tana da sha tara ta auri Lemuel Varnado, wanda kowa ke kira Lem, uwarta tana kuka, don a ganin mutanen coci mai kaɗa jita ranar Asabar ya riga ya yanki tikitin wuta.

Lem direban tarakta ne, ƙaton mutum mai nawa. Tafiyarsa a hankali, cin abincinsa a hankali, ko fushi sai ya kwana biyu kafin ya iso masa. Muryarsa kuwa daga can ƙasan ƙirji take fitowa. Kiɗan buluz, kiɗan baƙar fata na yankinmu, yake yi a wuraren suyar kifi, inda ma'aikatan gona ke zuwa su sauke gajiyar mako. Bayan yaƙin duniya na biyu ya samo jita mai lantarki da wata 'yar lasifika, wadda ta faɗo daga bayan mota ta tsage tun makon farko. Sautin ya koma mai kaushi, yana gurnani. Aka ce ya kai gyara, ya ce a bar ta, yanzu ne ta fara faɗin gaskiya.

A kakar 1950 wani mutum ya zo daga Memphis da injin yanka faifai, ya kafa shi a bayan shagon kujeru. Yamma ɗaya Lem ya yi masa waƙa takwas, shi kaɗai, da jitarsa da dukan ƙafarsa a dandamalin katako. Bayan wata uku faifai huɗu suka iso ta gidan waya. Aka taru a gidan Dovie Pickens, maƙwabciyarsu kuma aminiyar Ozella, don ita ke da garmaho. Aka ɗora allura, sai ga jita tana gudu kamar an biyo ta, ga wata siririyar murya tana bin ta a baya. Lem ya saurara har ƙarshe, ya sosa ƙeya.

"Wannan yaron ya iya kiɗa," in ji shi. "Ɗan gidan wa ne?"

Kowa ya fashe da dariya ban da Ozella. Mai gyaran rediyon garin ne ya warware musu daga baya. Lokacin kaka, in injin gurzar auduga na aiki, wutar lantarkin gari rauni take yi. Saboda haka injin yankan ya juya a hankali fiye da ƙa'ida, da aka sa faifan a garmaho mai gudu daidai sai komai ya ƙara sauri, murya ta sirance. Lem ya ce ba komai, in mutumin ya dawo baɗi a sake.

Mutumin bai dawo ba, Lem ma bai jira ba. A watan Afrilun 1952 tarakta ta kife da shi a gefen madatsar kogi, inda ruwan sama ya sa ƙasa ta yi laushi. Yana da shekara talatin da uku. Ba su haihu ba. Abin da ya bar wa Ozella shi ne rigunan aiki uku, da faifai huɗu masu muryar wani. Ta naɗe faya-fayen a zanen gado ta sa a ƙasan akwati, ranar Litinin ta koma kan wankinta.

Waƙoƙin kuwa suka yi tafiyar da mai su bai taɓa yi ba. Suka je Chicago a akwatunan masu ƙaura. Suka haye teku, inda samarin Turawa masu dogon gashi suka zauna suna sa allura suna ɗagawa har sai sun kwaikwayi kowane motsin yatsa. Da gangan suka riƙa tsaga lasifikunsu don su samu gurnanin nan. Da abin ya girma aka sa masa suna kiɗan rok, sunan Lem ya shiga littattafai, ana kiransa mai yatsun walƙiya. Mu da muka san shi muka riƙe baki. Mutumin da sai ya yi rabin awa yana ɗaura takalmi!

Masu rubutun suka fara zuwa Harlan Bend da 'yan littattafansu. Ozella takan zaunar da su a baranda, ta ba su shayi mai ƙanƙara, ta amsa duk abin da suka tambaya. In sun zo kan faifan sai ta ce ba muryarsa ba ce, ba kuma gudun hannunsa ba ne. Sai su yi murmushin nan na tausayi, su koma su rubuta cewa matar ba ta fahimci girman mijinta ba. Ina jin haushin wannan har yau. Mutum ya tuƙo mota kwana biyu don ya tambayi macen da ta kwana ɗaki ɗaya da Lem shekara goma sha ɗaya, ta ba shi amsa, sannan ya ce faifan da ya saya a kanti ya fi ta sani.

A bazarar 1989 wani baƙo ya zo wanda ba littafi ya riƙo ba. Roscoe Tillery sunansa, baƙar fata ɗan'uwanmu, makaɗin jita daga Chicago, shekararsa hamsin da shida. Ya cire hula ya gaishe ta, ya nuna mata hannunsa na hagu, gaɓoɓin sun kumbura, yatsu biyu ba sa miƙewa. Ya ce tun yana da shekara goma sha takwas yake bin faya-fayen Lem, da su ya ci abinci, da su ya aurar da 'ya'ya, amma akwai wuraren da bai taɓa iya kamawa ba sai da ƙyar, ga abin da ƙyar ɗin ta yi masa. Ya karanta maganarta a wani littafi, inda aka sa ta don dariya, shi kuwa bai ga abin dariya ba. A motarsa akwai na'urar sa faifai mai ɗan maɓalli da ake murɗawa a rage gudu ko a ƙara. Abin da yake roƙo kawai, ta saurara, yana ragewa, in muryar Lem ta zo ta ce masa nan ne. Daga nan zai sa a fitar da waƙoƙin yadda aka yi su.

Ozella ta ce ya dawo gobe da hantsi. Yana juya baya ta tsallaka gidan Dovie, ta zauna a kujerar kicin. Tsoro ne ya kama ta. Shekara talatin da takwas tana faɗa wa duniya abin da ba muryarsa ba. Yau da ta nemi ainihin muryar tasa a cikin ranta, sai ta tarar da maganganunsa duk suna nan, amma babu sauti a jikinsu.

"Dovie, ina jin na manta shi."

"Ke raba ni. Kin manta Lem? Kullum sai kin cika mini kunne da shi."

"Na san abin da ya faɗa. Yadda ya faɗa ne ba na ji."

Dovie ba ta sake tsokana ba. Ta zuba mata wake da burodin masara, ta ce ta ci, gobe ita ma za ta zo.

Washegari Roscoe ya kafa na'urarsa a baranda. Ozella ta ciro faya-fayen daga akwati da kanta, ta ba shi ɗaya. Siririyar muryar ta tashi, ya fara murɗa maɓallin sannu a hankali. Ta ce nan ne. Da aka ɗan yi gaba ta ce a'a, ya ƙara ragewa. Ya rage, ta ce ya wuce. Sau uku suna yi, sau uku tana nuna wuri dabam, Roscoe yana sa alama da fensir, alamun sun yi nesa da juna yadda ko yaro zai gane ba ta sani ba. Ya ce kada ta damu, a huta. Kirkin nan nasa ya fi murmushin masu littafi yi mata ciwo, don yanzu ita ma ta fara zargin ko gaskiyarsu ce. Ta sunkuyar da kai tana kallon hannuwanta a cinya.

Dovie, wadda shiru ke damunta, ta shiga surutu don ta rage nauyin wurin. Ta ce wa Roscoe ita dai abin da ta tuna shi ne waɗannan mutane biyu sun hana ta barcin rana shekara goma. Shi yana kan matakalar nan da jitarsa, ita tana gindin bishiya tana gurzar wandunan mutane a allon wanki, shaf, shaf, shaf, ƙafarsa tana sauka tare da hannunta, har ba ka sanin wanne ne wanki wanne ne kiɗa.

Ozella ta ɗago kai. Haka ne kuwa. Lem bai taɓa samun mai ganga ba. Duk waƙoƙin nan takwas a matakalar nan ya haɗa su, ranakun Lahadi da yamma da duk ranar da ruwa ya hana fita gona, kuma daga allonta yake ɗaukar taku. Abin ya zame musu jiki har ba ta taɓa lissafa shi cikin kiɗan ba. A wurinta wanki take yi, shi kuma yana damunta.

Ta ce Roscoe ya shiga rumbun baya ya sauko da allon daga jikin bango, inda yake rataye tun da ta sayi injin wanki shekara ashirin da suka wuce. Katako ne mai fuskar kwano gargada-gargada, ya yi ƙura. Aka kawo baho, aka dafa ruwa, ta ɗauko sabulu da wani wandon aiki mai kauri cikin kayan da aka kawo mata. Dovie ta ce ta tuna fa ba 'yar ashirin da takwas ba ce yanzu, hannun tsohuwa ba zai yi gudun na yarinya ba. Ozella ta ce ba shekaru ke sa gudun ba, wandon ne. In ka yi sauri sabulu ba ya shiga, in ka yi nawa ruwa ya huce, tsakanin nan hanya ɗaya ce tak, kuma duk mai wankin kirki a kanta take.

"Ɗana, kada ka tambaye ni komai," ta ce wa Roscoe. "Ni wanki zan yi. Kai ka saurari ƙafarsa, ka kawo ta inda hannuna yake."

Ta naɗe hannun riga ta sunkuya. Da farko kafaɗunta sun yi gardama, sannan suka tuna. Roscoe ya bari ta yi nisa kafin ya ɗora allura. Ƙafar Lem tana gaba da ita, tana gudu. Ya rage. Har yanzu tana gaba. Ya wuce alamar fensir ta farko, ya wuce ta biyu, yana murɗawa kaɗan-kaɗan, har dukan ƙafar ya zo ya faɗa daidai kan gurzar allon, ya sake faɗawa, bai kuma kauce ba.

Sai jitar ta buɗe, ta yi faɗi, ta yi nauyi. Wurin da Roscoe ya lalata hannunsa a kai ya zo ya wuce a tsanake, yatsunsa masu ciwo suna bin sa a kan gwiwarsa ba wahala. A hankali ya ce kusan shekara arba'in yana bin mutumin da bai taɓa gudu ba. Daga nan Lem ya buɗe baki.

Dovie ta dafe ƙirji ta ambaci sunan Ubangiji. Ozella ba ta buƙaci kowa ya gaya mata ba. Shi ne, da 'yar shaƙewar nan tasa ta lokacin ƙurar auduga, da yadda yake jan numfashi ta hanci kafin ya ɗaga murya. Ba ta manta shi ba. Daɗi ya kama ta, baƙin ciki ya biyo shi a take, don mijin da ya dawo mata saurayi ne ɗan talatin da ɗaya, ita kuma tsohuwa ce mai shekara sittin da bakwai, kuma minti uku kawai zai yi. Hawaye suna sauka cikin bahon, bayanta yana ciwo, hannun bai fasa ba.

Roscoe ya sa alama mai kauri a jikin maɓallin, ya share ido da bayan hannu.

"Mama, mun samu. Na sa alama. Ki huta haka nan."

Ba ta ɗago ba.

"Bari ya kai ƙarshe," ta ce. "In na tsaya, ɓacewa yake yi."